Kwana Shida Cikin Goma

Mahaifina ya rasu kwana tara bayan Babbar Sallah ta 2016, ni kuwa ina Indiya, a birnin Pune, ina karatun digiri na biyu kan harhaɗa magunguna. Awa huɗu da rabi ce tsakaninmu da gida, saboda haka lokacin da Yaya ya kira, su a Kano gari bai gama wayewa ba, ni kuma ina tsaye a ɗakin gwaje-gwaje da safar roba a hannu. Bai ja magana ba. Ya ce, "Sai haƙuri, Baba lokaci ya yi." Kafin in koma masauki an yi masa wanka an yi masa sutura. Kafin a kira la'asar a wurinmu an kai shi makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba, ban sallace shi ba, ban zuba masa ƙasa ko tafi ɗaya ba.

Na so in taho ko don in zauna karɓar gaisuwa. Amma duk wanda ya yi karatu a waje a shekarar ya san halin da naira ta shiga. Kuɗin da ake turo mini na wata uku ya koma da ƙyar yake kai ni wata biyu. Inna ta ce, "Zuwanka ba zai tashe shi ba. Ka zauna ka gama abin da ya tura ka. Addu'a ba ta da nisa."

Na zauna, amma barci ya ƙaurace mini. In na kwanta sai in ji ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa, in yi ta juyi har asuba. Ana cikin haka, ranar 8 ga Nuwamba gwamnatin Indiya ta soke takardun rupi 500 da 1000 dare ɗaya, muka koma wuni a layin banki, ido ja, ciki ba komai. A nan na fara shan ƙwayar barci. Da rabi na fara, na koma ɗaya, kafin wata ya cika ina haɗiye biyu. Na san sunanta, na san yadda take aiki a ƙwaƙwalwa, na san jiki yana sabawa da ita, na ma taɓa rubuta jarrabawa a kanta. Sanin bai hana ni komai ba, sai ma dabarar kare kai da ya ƙara mini.

Abokin zamana a ɗaki ɗan jihar Maharashtra ne, mabiyin addinin Hindu. Kullum safe da yamma yakan naɗe ƙafa a kan gadonsa ya rufe ido awa guda cur. Ba carbi, ba gunki a gabansa, leɓensa ma ba ya motsi. Ganinsa yakan fama mini ciwo, don Baba Batijjane ne, kuma tun da na buɗe ido na san shi da zama a kan buzu bayan sallar asuba, yana lazimi da sauran wuridinsa, ba ya tashi sai rana ta fito. Mu 'ya'yansa kuwa da an sallame muke komawa shimfiɗa. Wata rana da dare abokin nan nawa ya ce, "Bhai, na ga kwalin ƙwayar a kwandon shara. Na uku ke nan." Bai yi mini faɗa ba. Labarin malaminsu ya ba ni.

Sunansa Satya Narayan Goenka, almajiransa na ce masa Goenkaji ko Guruji. An haife shi a 1924 a Mandalay ta ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar yanzu, cikin zuriyar fatake 'yan Indiya da suka yi kaka-gida a can. Ya yi dukiya tun yana matashi, ya zama jigo a cikin 'yan Hindun ƙasar. Sai dai yana fama da matsanancin ciwon ɓarin kai, wanda likitoci suka rasa yadda za su yi da shi sai allurar mofin, mai kashe zafin ciwo, har aka fara tsoron allurar za ta kama shi. Ya nemi magani a Turai da Amurka da Japan, bai dace ba. A 1955 wani abokinsa ya tura shi wurin Sayagyi U Ba Khin, Akanta Janar na farko da Bama ta yi bayan samun 'yancin kai, ma'aikacin gwamnati mai iyali, wanda ke koyar da wani irin zama da ake kira Vipassana a wata cibiya a Rangun. Da Goenka ya ce ciwon kai ya kawo shi, U Ba Khin ya ƙi karɓarsa, ya ce hanyar ta wanke zuciya ce, in don ciwon kai ne ya koma asibiti. Shi kuma Goenka ya daɗe yana ja da baya, yana tsoron kada zaman ya raba shi da addinin iyayensa, tunda koyarwar ta Buda ce. Daga ƙarshe ya shiga na kwana goma. Ciwon ya tafi, allurar ma ya rabu da ita, ya zauna ƙarƙashin malamin shekara 14.

A 1969 ya zo Indiya ya koyar da iyayensa da wasu 'yan tsiraru a Mumbai. Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa, yana yawo gari-gari yana zaunar da mutane a masaukan baƙi da makarantu, har a 1976 aka buɗe babbar cibiyarsu, Dhamma Giri, a Igatpuri kusa da Nashik. Da jama'a suka fi ƙarfinsa, a 1982 ya fara naɗa mataimaka, amma bai sakar musu baki ba: muryarsa da aka naɗa ita ke ba da umarni a kowane zama, a kowace ƙasa, mataimaki kuwa nasa kunna na'ura da amsa tambaya. Ya rasu ranar 29 ga Satumba 2013. Ke nan shekara uku kafin in je mutumin ya bar duniya, kuma har yau shi ke koyarwa.

Suna da salsala, abin da ɗan gidan ɗarika ba ya raina wa. U Ba Khin ya karɓa daga Saya Thetgyi, wani manomi, shi kuma daga babban malamin addinin Buda na Bama, Ledi Sayadaw. Su a wurinsu igiyar ba ta tsinke ba tun daga Buda kansa, shekara sama da 2,500. Ni dai ba wannan ne ya ja ni ba. Abin da ya ja ni shi ne ɗan kasuwa mai mata da 'ya'ya, wanda allura ta kusa kamawa, wanda kuma ya ji tsoro don addininsa. Sai na ga kamar labarina ake ba ni.

Da abokina ya ce ba a biyan ko sisi, ci da kwana duk kyauta, na ce lallai akwai lauje cikin naɗi. Babu. Tsofaffin ɗalibai ke ba da sadaka don na baya su samu. Na cika takarda a intanet, na rubuta gaskiya game da ƙwayar, bayan na yi ta rage ta har na dawo rabi. A cikin dokokin akwai layi ɗaya da yake a fili ƙarara: a tsawon kwanakin nan za a ajiye kowace irin addu'a da ibada da jan carbi da azumi, ba don an raina su ba, sai don a gwada hanyar ita kaɗai. Na karanta. Ba zan ce ban gani ba. Na ce a raina in na je can na san yadda zan yi, na sa hannu. Wannan laifin nawa ne, ba na kowa ba.

A ƙarshen Disamba, cikin hutun zango, na hau mota zuwa ɗaya daga cikin ƙananan cibiyoyinsu a bayan gari. A ƙofa aka karɓi waya da littattafai da biro, har da carbina, aka sa a jaka aka rubuta lamba. Maza gefe, mata gefe. Aka ba ni ɗan ɗaki ni kaɗai, gado da bargo da bokiti. Da dare muka taru a babban zaure, kowa da matashinsa a ƙasa, aka rage fitila. Sai wata murya mai kauri ta fito daga lasifika, tana jan baƙi a hankali cikin harshen Pali, tsohon harshen littattafan addinin Buda, tana gurnani a ƙarshen kowane layi. Tsikar jikina ta tashi. Aka ce mu maimaita: neman mafaka ga Buda, da koyarwarsa, da jama'arsa. Muryar ta bayyana cewa ba mutum ake nufi ba, siffar wayewar zuciya ake nufi. Na ji bayanin, amma na kulle bakina, ina maimaita kalmar shahada a zuci har aka wuce wurin. Sai alkawura biyar: ba kisa, ko na sauro, ba sata, ba saduwa, ba ƙarya, ba kayan maye. Waɗannan na faɗe su da baki, don ban ga wanda addinina bai riga ya ɗora mini irinsa ba. Daga nan aka ɗaura shiru. Ba magana, ba nuni da hannu, ba haɗa ido, sai safiyar kwana na goma.

Ƙarfe 4:00 na dare ake kaɗa wata ƙararrawa mai amo irin na kuge. Zama daga 4:30 zuwa 6:30, karin kumallo, zama, abincin rana ƙarfe 11:00, shinkafa da miyar wake da gurasarsu da ganye, ba nama ba ƙwai. Daga nan babu wani abinci sai shayi da ɗan ayaba da wata shinkafa mai kumbura kamar gugguru da ƙarfe 5:00, shi ma sababbin ɗalibai kawai. In ka tara, wajen awa goma ke nan kana zaune kullum, sai karatun malam a bidiyo da dare, a kashe fitila 9:30.

Na sha jin ana fassara irin wannan zama da zuzzurfan tunani. Sunan bai dace da abin da na gani ba, don tunanin ma shi ake so ka saki. Kwana ukun farko aiki ɗaya ne, suna ce masa anapana: ka lura da numfashinka yana shiga yana fita ta ƙofar hanci. Kada ka ja shi, kada ka ƙirga, kada ka haɗa shi da wata kalma ko wani suna. In hankali ya gudu, ka dawo da shi ba tare da jin haushi ba. Muryar takan ce a sake farawa, a sake farawa. Na ɗauka wasan yara ne. Wallahi a ranar farko ban iya riƙe numfashi biyar a jere ba. Kafin na uku na tafi Kantin Kwari, na dawo kan wani yaro da ya mare ni a firamare, na shiga lissafin kuɗin makaranta, na tsara abin da zan faɗa wa wanda ya ƙi zuwa gaisuwar Baba. Sai in farga minti ashirin sun wuce. Shekarata ashirin da takwas ina yawo da wannan kasuwa a kaina ban sani ba. A kwana na uku aka rage wurin lura ya koma ɗan filin da ke tsakanin hanci da leɓen sama. Can da yamma na fara jin iskar da ke fita ta fi mai shiga ɗumi, na ji wani ɗan motsi a wurin kamar tafiyar kiyashi. Kasuwar ba ta tashi ba, amma ta koma nesa.

Duk wannan ina salla a ɓoye. Zaman asuba an yarda mutum ya yi shi a ɗakinsa, sai in kulle ƙofa, in yi alwala a hankali kada ruwa ya yi ƙara a bokiti, in shimfiɗa tawul. Mu da muka saba cewa mun fuskanci gabas, a can alƙibla yamma take, da faɗuwar rana na gane ta. Azahar a lokacin hutun rana, la'asar a lokacin shayi. Magariba ce ta gagara, don rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, daidai lokacin zaman da ba a yarda kowa ya bar zaure ba, daga shi kuma sai karatu. Sai in haɗa ta da lisha bayan tara, ina ce wa kaina ai matafiyi ne ni.

A cikin sallolin ɓoyen nan na ga abin da ya girgiza ni. Da hankalina ya ɗan kwanta, a asubar kwana na uku na karanta Fatiha tun daga farko har ƙarshe ina wurin, ina jin kowace aya tana fita daga bakina. Da na sallame sai na tambayi kaina yaushe rabon da in yi haka. Na kasa tunawa. Watakila ban taɓa ba.

Ranar huɗu da yamma aka ba da Vipassana ɗin kanta. Kusan awa biyu muryar tana jan mu: a kai hankali tsakar ka, a sauko goshi, fuska, wuya, kafaɗa, hannu, ƙirji, baya, har yatsun ƙafa, gaɓa-gaɓa, a ga abin da ke wurin. Zafi ne, sanyi ne, ƙaiƙayi, nauyi, zugi, ko ba komai. Kada ka nemi mai daɗi, kada ka kori marar daɗi, ka dube shi ka wuce. Bayanin da suke yi shi ne, duk abin da ya taɓa zuciya sai ya bar alama a jiki, kuma mutum ba ga abin da ya faru yake mayar da martani ba, ga wannan alamar yake yi: mai daɗi ya yi kwaɗayinta, marar daɗi ya ƙyamace ta, a haka kullin ke ƙaruwa. In ka iya kallonta ba ka karkata ba, za ka ga tana zuwa tana gushewa. Kalmar da muryar ke nanatawa ita ce anicca, ana furta ta anicca da "c" irin tamu, ma'ana ba ya dawwama. Daga ranar kuma aka sa zama uku kullum na awa guda-guda da ake so kada ka buɗe ido, kada ka warware hannu ko ƙafa.

A zaman safe na kwana na biyar, wajen minti arba'in, gwiwata ta dama ta ɗauki wuta, kamar ana soka mini ƙusa mai zafi. Gumi ya jiƙa mini riga cikin sanyin Disamba. Na ce bari in gwada abin da aka ce sau ɗaya kafin in miƙe ƙafa. Na kai hankali wurin. Sai na tarar ciwon ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai tsakiya mai zugi, akwai gefe mai ɗumi kawai, akwai wani wuri da ke bugawa yana saki. Kuma rabin azabar ba a gwiwa take ba, tana cikin cije haƙora da ɗaure ciki da ihun da nake yi a raina cewa yaushe za a tashi. Da na saki waɗannan, zafin na nan, amma ya zama abin da za a iya zama da shi.

Da yamma na iso ƙirji, na tarar da dutsen nan da ya hana ni barci wata uku. Kullum gudunsa nake, da ƙwaya, da waya, da karatu. Ran nan na tsaya a kansa. Yana da faɗi kamar tafin hannu, yana da zafi a sama, yana matsewa in na ja numfashi. Ban kira komai ba, sai ga ƙafafun Baba a idona, yadda yake naɗe su a kan buzu, da kaushin diddigensa. Hawaye suka yi ta zuba har cikin wuyan rigata, ban share ba tunda an ce kada a motsa. Tun ranar da Yaya ya kira ban yi kuka ba sai ran nan. Da dare na kwanta ban san inda kaina yake ba sai da kugen ƙarfe huɗu ya tashe ni, rabin ƙwayar na nan a kan taga ban sha ba.

Karatun dare kuwa, a wani ɗaki ake kunna mana na Turanci, 'yan ƙasa suna jin na Hindi. Goenka ne a bidiyon, dattijo mai ƙiba, zaune, mai ban dariya, ya iya ba da labari kamar kakanninmu. Ya san abin da ke damunka a kowace rana kafin ka faɗa. Yana yawan cewa wannan ba addini ba ne, numfashi ba na Hindu ba ne ba na Musulmi ba, fushi ma haka. Na yarda da shi a kan numfashi da fushi. Amma a cikin karatun akwai maganar sake haihuwa bayan mutuwa, akwai cewa kuɓuta aikin mutum ne shi kaɗai ba mai kuɓutar da shi, ga baitocin Pali safe da yamma, ga tsofaffin ɗalibai suna amsawa da "sadhu", wato madalla, sau uku suna sunkuyawa, ko da yake ba a tilasta wa kowa. Wanda ya tashi a cikin wannan al'ada ba zai ga addini a ciki ba, kamar yadda mu ba ma jin "in sha Allahu" a matsayin wa'azi. Ni baƙo na gani. Kuma duk lokacin da aka ce anicca, sai ayar Suratur Rahman ta faɗo mini, cewa duk wanda ke kanta mai ƙarewa ne. Sai dai ni a wurina maganar ba ta tsaya nan ba, ayar da ke biye ta ce Fuskar Ubangijinka tana wanzuwa. A zauren nan rabin farko ake koyarwa, kuma an iya koyar da shi fiye da duk inda na taɓa zama. Rabi na biyu ba ya cikin manhajar.

Abin da ya fitar da ni, aikin da zaman ya yi ne. Da zuciya ta yi shiru sai ƙaramin abu ya yi ƙara. Na ɗauki alkawarin ba zan yi ƙarya ba, na sa hannu zan bi doka, ga ni kuma kullum sau huɗu ina kulle ƙofa ina saɓa ta, ina cin abincin mutanen. Ta ɗaya gefen ga magariba da nake jinkirtawa da uzurin tafiyar da na san zaune nake. Gaba kura, baya sayaki.

Ranar shida da tsakar rana, lokacin da ake ganin mataimakin malami, na shiga na zauna a ƙasa gabansa kamar yadda ake zama gaban malamin zaure. Dattijo ne siriri mai furfura. Na faɗa masa komai. Bai ɓata rai ba. Ya ce ba su ce sallata ba ta da kyau ba, kuma Musulmi da yawa sun zauna sun gama. Ya ce, "Kai mai ilimin magani ne. In ana gwada magani, ana haɗa shi da wani? In an haɗa, ta yaya za a san wanda ya yi aiki? Kwana huɗu suka rage. Ka ajiye, ranar da ka fita ka ɗauka." Na ce masa hujjarsa ta zauna daram a ɗakin gwaji, amma salla ba ni na rubuta wa kaina ita ba, balle in dakatar da ita. Ya yi shiru jim kaɗan. Ya ce ba zai iya ba ni izinin da doka ba ta ba shi ba, ba kuma zai ce in saɓa wa abin da na yi imani da shi ba. Ya gargaɗe ni cewa fita a tsakiya kamar tashi ne daga gadon tiyata ba a ɗinke ba, don haka in na koma kada in matsa wa kaina, in tsaya kan lura da numfashi kawai na 'yan kwanaki, in ci abinci, in yi barci. Ya ɗaga hannu ya yi mini fatan alheri.

A ofis wani ɗan sa-kai ya miƙo mini jakata da waya da carbi. Na ciro rupi dubu biyu, sabuwar takardar nan mai ruwan hoda da aka fito da ita bayan soke tsofaffin, na ce ga kuɗin abincin da na ci. Ya haɗa hannuwa ya ce ba sa karɓa sai daga wanda ya kammala kwana goma. Na roƙe shi, ya ƙi. Na fita na tsaya a bakin titi, ƙarar babura kamar za ta fasa mini kai, na yi la'asar a gefen wani shago a fili.

Ba zan ce kwana shida sun warkar da ni ba. Barcin ya dawo ya sake gudu, sai da na je wurin likita ya tsara mini yadda zan janye ƙwayar sannu a hankali cikin wata biyu. Wanda duk ya saba da irin wannan ƙwaya kada ya yanke ta dare ɗaya, yana iya jawo jijjiga, wannan a bakin aikina nake faɗa. Su kansu masu cibiyar suna rubutawa cewa zamansu ba asibiti ba ne. Amma na fito da abu ɗaya a hannu: in dutsen ya dawo ƙirji, na san yadda zan tsaya in dube shi.

Ina ganin girman mutanen nan har yau. Hanyar da aka shiga da ita gidan yarin Tihar na Delhi a 1993, zamanin da Kiran Bedi ke shugabancin gidajen yarin, har a 1994 aka zaunar da fursunoni wajen dubu kwana goma suna shiru, ba abin wasa ba ce. Kafin in baro Indiya abokina ya kai ni Gorai a gefen Mumbai, na ga ƙatuwar hasumiyar da suka gina da dutse bisa siffar Shwedagon, shahararriyar hasumiyar ibadar mabiya Buda ta Bama, aka buɗe a 2009, zaurenta na ɗaukar mutum wajen 8,000 ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Na tsaya ta bayan gilashi inda baƙi ke tsayawa, don ciki na waɗanda suka kammala ne. Amma in ƙannenmu masu tafiya karatu suka tambaye ni, ba na ce musu su je. Layin nan na doka nake karanta musu, in ce su dube shi da kyau tun suna gida, kada su yi irin tawa.

Da na dawo Kano, bayan na je maƙabarta Yaya ya nuna mini kabarin, na sami Baffa, ƙanin Baba, a zaurensa bayan lisha, almajirai sun watse. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai abin da na yi a can da nake so ka ji." Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ka furta kalmomin?" Na ce a'a. "Ka sunkuya?" Na ce a'a. "Ka bar salla?" Na ce magariba shida na jinkirta. Ya ce in yi istigfari. Na zaci a kan zuwan zai tsaya, sai ya tsaya a kan sa hannun. Ya ce Musulmi ba ya ɗaukar alkawarin da ya san zai saɓa, ko da wa ya ƙulla shi, kuma mutanen sun fi ni gaskiya a wannan, tunda su ba su ɓoye mini komai ba. Game da numfashi kuwa ya ce, "Wanda ya hura maka shi ai ba Buda ba ne. In lura da shi na tara maka hankali kafin kabbara, tara. Amma ka san gaban Wanda za ka kai hankalin in ya taru." Wani abokina da na ba labarin bai yi mini wannan sassauci ba, ya ce tun daga ƙofa bai kamata in shiga ba. Ban yi musu da shi ba.

Buzun Baba yana ɗakina yanzu, Inna ce ta ba ni. Gashin ya suɗe a wuri biyu, inda idon sawunsa ke sauka. Bayan asuba nakan zauna a kai, in yi minti goma ina bin numfashi har kasuwar ta lafa, sannan in ɗauki carbi. Ban kai fitowar rana kullum ba tukuna.

Inna kuwa, da na ba ta labarin duka, ba ta ce komai ba a kan Buda ko Pali. Abu ɗaya ya tsaya mata. Ta ce, "Yanzu kwana shida ka ci abincin bayin Allah, suka ƙi karɓar kuɗinka?" Na ce haka dokarsu take. Ta ce to ba za a kwana da wannan a wuya ba. Ta sa na auno shinkafa da wake da manja, ta ɗora babbar tukunya, aka yi kwana shida ana zuba wa almajiran Baffa da rana. Ta tambaye ni ko can da nama suke ba mu, na ce babu. Ta ce ita dai a sa musu ko ɗan kifi.